Drink, drank, drunk: tsohuwar ƙa'idar da aka mayar saɓa-ƙa'ida

Duk wanda ya zauna ajin Turanci ya san jadawalin nan mai layi uku da ake sa yara su haddace: sing, sang, sung, drink, drank, drunk, ride, rode, ridden. Malami yakan ce waɗannan aikatau ne masu saɓa ƙa'ida, ba su da dalili, hadda ce kawai maganinsu, masu bin ƙa'ida kuwa su ne waɗanda ake liƙa wa -ed a ƙeya, irin su walk da walked. In don cin jarrabawa ne, wannan bayani ya wadatar. Amma a ma'aunin tarihi, zancen a kife yake. Masu sauya wasalin nan su ne tsohuwar ƙa'ida, sun girmi -ed nesa ba kusa ba, kuma a zamaninsu suna da tsarin da mai magana zai iya hasashensa ba sai ya haddace ba. Ita -ed ɗin ce ta zo daga baya, kuma har yau masana ba su rufe muhawara kan inda ta fito ba.

Ingilishi na cikin dangin harsunan da ake kira Jamanik. Kada sunan ya ruɗe mu, Jamusanci ɗa ne kawai a cikin gidan, tare da Holanci da harsunan Suwidin, Danmak, Norwe da Aisilan. Uwarsu ɗaya, harshen da aka yi magana da shi a da a kudancin Sikandinabiya da arewacin Jamus ta yau tun wajen shekara 500 kafin miladiyya. Ba wanda ya rubuta littafi da wannan harshe. Abin da aka sani game da shi an gano shi ne ta hanyar jera 'ya'yansa ana kwatanta su, kuma a wannan aiki babu shaidar da ta kai Gotanci, harshen Gotawa, wanda ya daɗe da mutuwa. A ƙarni na 4 wani bishop mai suna Wulfila, da ke zaune da jama'arsa a yankin da ke arewacin Bulgeriya a yau, ya ƙirƙiro wa Gotanci haruffa, akasarinsu daga na Girkanci, ya fassara Baibul da su. Kwafin da ya fi shahara an rubuta shi a Italiya a ƙarni na 6 da tawadar azurfa da zinariya a kan fata mai launin shunayya. Sojojin Suwidin suka kwaso shi daga birnin Prague a 1648, yanzu yana jami'ar Uppsala. Daga cikin warƙoƙi 336 na asali, 188 ne suka rage, ɗaya daga ciki ma sai a 1970 aka tsince ta a majami'ar Speyer a Jamus. Da waɗannan warƙoƙi da wasu 'yan guntaye aka san fasalin aikatau na Jamanik kafin ya zaizaye.

Ita uwar Jamanik reshe ce ta babban dangin Indo-Yurobiyan, inda Girkanci da Latin da Farisanci da Sanskirit na Indiya suke. Aikatau na kakan wannan dangi bai damu ƙwarai da jiya da gobe ba. Abin da ya fi kula da shi shi ne yanayin aikin: yana gudana ne, ko ya auku gaba ɗaya, ko kuwa ya bar mutum cikin wani hali? Ɗaya daga cikin hanyoyin bambanta waɗannan ita ce canza wasalin da ke tsakiyar saiwa. Wani lokaci saiwar ta ɗauki e, wani lokaci o, wani lokaci kuma wasalin ya faɗi baki ɗaya. Tsohon Girkanci ya adana wannan tsaf a aikatau mai ma'anar bari: leipō, ina bari, leloipa, na riga na bari, elipon, na bari. Saiwar ita ce leip, loip, lip. Wanda ya yi karatun sarfu ba zai sha mamaki ba, domin ya saba da kataba da kutiba da kitāb, inda baƙaƙe ke tsaye wasula na musanya.

Abin da Jamanik ya yi da wannan gado shi ne rage shi ƙwarai. Ya zubar da yawancin sigogin, ya tsira da lokuta biyu kacal, na yanzu da shuɗaɗɗe. Babu lokaci mai zuwa. Idan Wulfila ya ci karo da lokaci mai zuwa a Girkanci, yawanci sai ya sa na yanzu ya bar mahallin zance ya yi sauran aikin, kuma will da shall na Ingilishi duk gyare-gyare ne na baya. Domin shuɗaɗɗen lokaci kuwa, sai Jamanik ya ɗauko sigar nan mai nuna halin da aiki ya bari, irin leloipa, ya mayar da ita ta ba da labarin abin da ya wuce. Wannan siga tana da ɗabi'a guda da ya kamata a riƙe: a tilo tana ɗaukar o, a jam'i kuma wasalin yana faɗuwa.

A nan ya kamata a dakata a duba da kyau, domin nan ne asirin jadawalin yake. Sautuka sun ɗan gusa a Jamanik: tsohon gajeren o ya koma a, e kuma a wurare da dama ya koma i. Ɗauki saiwar da ke da n bayan wasali, kamar ta ɗaurewa. Da e za a sami bend, wanda ya zama bind. Da o za a sami bond, wanda ya zama band. In babu wasali sai a sami bnd, abin da baki ba ya iya furtawa cikin sauƙi, don haka Jamanik ya cusa u a gaban n, aka sami bund. Ga Gotanci: bindan, ɗaurewa, band, na ɗaure, bundum, mun ɗaure, bundans, ɗaurarre. To ai wannan i, a, u ɗin ne ke cikin sing, sang, sung da drink, drank, drunk da swim, swam, swum. Yanzu canza abin da ke bin wasalin ya zama i: ei, oi, i. Gotanci ya ba da beitan, bait, bitum na cizo, kakan bite da bitten. In u ne ke biye, eu, ou, u, sai a sami biudan, bauþ, budum. (Harafin þ ana furta shi kamar ث ta Larabci.) Littattafan nahawu suna kasa waɗannan aikatau aji bakwai, ɗalibai su yi ta fama da su, alhali azuzuwa ukun farko abu guda ne sanye da riga uku: e, o, babu. Na huɗu da na biyar, irin su niman, nam, nēmum na ɗauka da giban, gaf, gēbum na bayarwa, sun kauce ne a jam'i, inda dogon ē ya shigo, na shida kuma, irin faran, fōr na tafiya, yana da nasa salon. Mai magana da wannan harshe in ya ji sigar yanzu, sautin da ke bayan wasalin ya ishe shi sanin sauran.

An lura a Gotanci sigogi huɗu ake jerawa, ba uku ba, saboda "na ɗaure" da "mun ɗaure" wasalinsu daban. Haka tsohon Ingilishi yake: ic sang, amma wē sungon. Daga baya Ingilishi ya daidaita su, wani aikatau ya zaɓi wasalin tilo, wani na jam'i, shi ya sa ake da sang a gefe guda da stung a ɗaya gefen. Jamusanci ma ya daidaita, sai dai wani tsohon karin maganarsu kan yadda 'ya'yan tsuntsu ke kwaikwayon kukan iyayensu ya riƙe sungen maimakon sangen saboda amsa-amo. Harshen Aisilan har gobe yana nan da huɗunsa: bíta, beit, bitum, bitið. A Ingilishi aikatau ɗaya tak ya ƙi daidaituwa, wato was da were.

Wannan s da r na was da were ya kai mu ga wani bincike da nake ganin babu wanda ya fi shi kyau a duk wannan fage. A 1822 Jacob Grimm, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu masu tattara tatsuniyoyin Jamus, ya tsara ƙa'idar yadda baƙaƙen Jamanik suka gusa daga na dangi, bayan Rasmus Rask ɗan Danmak ya riga ya hango ta: p, t, k sun koma f, þ, h. Latin na da pater, tres, cornu, Ingilishi na da father, three, horn. Ƙa'idar ta zauna daram, sai dai akwai tarin kalmomin da suka ƙi bin ta. Gotanci na da brōþar, ɗan'uwa, da þ yadda ake tsammani, amma fadar, uba, da d, alhali duka biyun t ne a Latin. Aikatau ma haka: tsohon Ingilishi na cewa wearþ, ya zama, amma wurdon, sun zama, cēas, ya zaɓa, amma curon, sun zaɓa. Fiye da shekara hamsin ana kallon wannan a matsayin hargitsi. A 1875 wani matashin masani ɗan Danmak, Karl Verner, ya rubuta maƙalar da ta warware shi, kuma amsar a tsohon harshen Indiya ya samo ta. Tsofaffin nassoshin Sanskirit suna nuna gaɓar da murya ke hawa a kowace kalma. A kalmar ɗan'uwa, bhrātar, hawan yana gaɓar farko; a kalmar uba, pitar, yana ta biyu. A aikatau kuma, tilo na da hawan a kan saiwa, vavárta, jam'i kuma a kan ɗafa-ƙeya, vavṛtimá. Verner ya nuna cewa in hawan muryar bai zo daf da gaban baƙin ba, sai baƙin ya zama mai ziza, wato wanda maƙogwaro ke karkarwa wajen furta shi: þ ya koma d, s ya koma z, daga baya z ɗin ya zama r a harsunan yamma da arewa. Bayan an yi wannan sauyi sai Jamanik ya tattara nauyin furuci ya ɗora shi a gaɓar farko ta kowace kalma, dalilin ya ɓace, sakamakon ya zauna. Kowane harshe ya share abin da ya iya sharewa. A aikatau na daskarewa, Ingilishi ya bi tsohon s ko'ina, wanda a yau ake rubuta shi da z, freeze da frozen. Jamusanci ya bi r ko'ina, frieren da gefroren. Holanci ya bar su yadda ya gada, vriezen da gevroren.

Aji na bakwai ba ya buƙatar dogon bayani. Tsohuwar sigar tana ninka baƙin farko, kamar le- ɗin da ke goshin leloipa. Yawancin aikatau sun yar da ninkin tunda wasali ya isa nuna bambanci, amma waɗanda wasalinsu ba ya musanya sun riƙe shi, kuma Gotanci ya nuna su ƙarara: haitan, kira, haihait, ya kira; slēpan, barci, saislēp, ya yi barci. A sauran harsunan ninkin ya narke ya bar sabon wasali, irin na fall da fell, hold da held.

Duk wannan tsari yana da gurbi guda babba: aikatau na asali kaɗai yake yi wa aiki. Harshe kuwa kullum ƙera sababbi yake yi. Jamanik yana da ɗafa-ƙeya -jan mai sa wani ya aikata, kamar yadda muke fitar da shayar daga sha, ko zaunar daga zauna. Daga drigkan, sha, Gotanci ya sami dragkjan, shayarwa. Daga ganisan, tsira, akwai nasjan, tserar da wani, inda Wulfila ya samo nasjands, Mai Ceto. Ingilishi na ɗauke da ragowar irin waɗannan tagwaye: sit da set, lie da lay, drink da drench. Ana kuma ƙera aikatau daga suna ko sifa, kamar fulljan, cikawa, daga fulls, cikakke. Waɗannan ƙerarrun ba su gaji sigar shuɗaɗɗen lokaci ba, kuma wasalinsu a kafe yake. Dole a nemo musu wata hanya, kuma hanyar da aka samo ita ce ɗafa-ƙeya mai d ko t, wadda babu irinta a Latin ko Girkanci ko Sanskirit. Tana cikin manyan alamomin da ake gane harshen Jamanik da su.

Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidunta yana jikin wani ƙahon zinariya. A ƙauyen Gallehus da ke kudancin Danmak an tsinci ƙahoni biyu na zinariya, ɗaya a 1639, ɗaya a 1734, waɗanda aka ƙera wajen shekara ta 400 miladiyya. A bakin na biyun an zana jimla da tsofaffin haruffan arewa da ake kira run: ek hlewagastiz holtijaz horna tawido. Ma'ana, ni Hlewagastiz na Holt na ƙera ƙahon. Kalmar ƙarshe, tawido, ita ce abin dubawa: tawi- saiwar yi ko ƙerawa, -do kuma kakar -ed. Su ƙahonin ba su nan. A 1802 wani maƙerin zinariya ya sace su daga taskar sarki a Kopenhagen ya narkar da su, kuma ba don zanen da aka yi musu tun kafin satar ba, da jimlar ta tafi tare da zinariyar.

Daga ina -do ɗin ta fito? Bayanin da ya fi karɓuwa, wanda Franz Bopp ya kare tun 1816, shi ne cewa aikatau ne mai ma'anar yi, kakan do da did, ya manne a ƙeyar kalma. Hujjar tana jam'in Gotanci. "Na tserar" shi ne nasida, amma "sun tserar" nasidēdun, kuma wannan -dēdun ya yi daidai da dādun na tsohon Saksonanci, wani harshen arewacin Jamus, da tātun na tsohon Jamusanci, dukansu "sun yi". Wato asalin maganar kamar a ce "sun yi tserarwa" ne. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda haka muke shigo da sabon aiki cikin harshe: ya yi waya, ya yi caji, ya yi rajista. Sai dai bayanin bai rufe ko'ina ba. Akwai tsofaffin sigogi irin su brāhta, ya kawo, da þāhta, ya yi tunani, kakannin brought da thought, da kuma kunþa, ya sani, waɗanda baƙinsu bai dace da na aikatau ɗin yi ba. Shi ya sa wasu masana suka nemi asalin a ɗafa-ƙeyar -to- ta sifar abin da aka aikata, irin ta amātus a Latin, abin ƙauna. A ganina ba sai an kori ɗaya ba: -dēdun ya yi kama da "sun yi" kamar da ta wuce a ce dace ne, amma baƙin da ke cikin brāhta daga sifar ya fi kama da fitowa, kuma ba abin mamaki ba ne tushe biyu su haɗu su zama tsari ɗaya. Wannan ma ya nuna cewa jadawalin makaranta ya cakuɗa iri biyu. Thought, sold, kept da told duk suna ƙarewa da d ko t, don haka 'yan sabon tsari ne da wasalinsu ya gurɗe saboda wasu dalilai na daban. Went kuwa aro ne daga wani aikatau, wend, bayan go ya rasa nasa tsohon ēode.

Grimm ne ya raɗa wa ɓangarorin biyu suna. Masu sauya wasali ya kira su ƙarfafa, don suna nuna shuɗaɗɗen lokaci da abin da ke jikinsu, masu ɗafa-ƙeya kuma raunana, don sai sun jingina da wani abu. Sunayen sun zauna har yau, amma son tsohon abu ne irin na mutanen zamaninsa, domin waɗanda ya kira raunanan su ne ke ta cin ƙasa tun daga lokacin da suka bayyana.

Akwai wani ɗan rukuni da ya tsaya tsakani, kuma shi ne amsar tambayar da ɗalibai kan yi: me ya sa ake cewa he sings amma ba a cewa he cans? Wasu aikatau sun riƙe tsohuwar ma'anar hali, ba su koma labarin jiya ba. Saiwar weid- na nufin gani, ita ce a vidēre na Latin. Wanda ya riga ya gani ya sani, don haka sigar "na riga na gani" ta zama "na sani": veda a Sanskirit, oida a Girkanci, wait a Gotanci, jam'inta witum, da musanyar wasali irin ta bait da bitum sak. Mu ma da sigar aikin da ya kammala muke faɗin halin da muke ciki yanzu: na sani, na gaji, na ƙoshi. Haka kann da kunnum, skal da skulum, mag da magum, kakannin can, shall da may. Siffarsu ta shuɗaɗɗen lokaci ce, kuma sang ba ya ɗaukar -s, don haka can ma ba ya ɗauka. Da suka buƙaci nasu shuɗaɗɗen lokacin sai suka ara daga sabon tsari: kunþa, skulda, mahta, wato could, should, might. Harafin l na could ma ba na gado ba ne, marubuta ne suka cusa shi don ya yi kama da should da would. Must da ought sun sake maimaita tafiyar: asalinsu shuɗaɗɗu ne, mōste da āhte, suka sake komawa na yanzu.

Kamannin da ke tsakanin wannan musanyar wasali da ta Larabci ta ja hankalin wani masanin Jamus, Theo Vennemann, har ya kawo ra'ayin cewa masu magana da wani harshen Samiyawa, irin Finikiyawan Kartaj masu fataucin teku, sun yi tasiri a kan Jamanik. Ra'ayi ne mai daɗin ji, musamman ga wanda ya taso da sarfu, amma yawancin masana ba su karɓe shi ba, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Kowane wasali na bindan, band, bundum ana iya bin sawunsa har zuwa e, o da babu na Girkanci da Sanskirit ba tare da an nemo baƙo daga teku ba. Abin da Jamanik ya ƙara shi ne ya ɗora wa musanyar nauyin da ba ta ɗauka a da, bayan ninki da sauran alamomi sun zube.

Tun daga tsohon Ingilishi ƙarfafan ke raguwa. Help yana da healp da holpen, kuma holpen ɗin yana nan a fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, amma yau sai helped. A 2007 wasu masu bincike na jami'ar Harvard ƙarƙashin Erez Lieberman suka wallafa a mujallar Nature cewa daga aikatau 177 da ba sa bin -ed a tsohon Ingilishi, 145 ne suka kai Ingilishin tsakiya a haka, 98 kuma suka kawo yau. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda baki ya fi yawan furtawa, irin su be, come, give da take, domin yaro yana jin su tun kafin ya kama ƙa'idar -ed. A lissafinsu, aikatau da aka fi wani ƙarancin amfani da shi sau ɗari yakan koma -ed da saurin da ya ninka sau goma. Afirkanci na Afirka ta Kudu ya wuce kowa, ya watsar da kusan duk shuɗaɗɗen lokaci mai kalma ɗaya, yana cewa ek het gesing, ek het gedrink.

Amma ba kullum ruwan ke gangara gefe guda ba. Wear rarrauna ne a tsohon Ingilishi, ya kwaikwayi bear da tear ya sami wore. Dig yana da digged a Baibul ɗin 1611, yau dug ake cewa. A Amurka dive ya sami dove bisa salon drive da drove, sneak kuma ya haifi snuck a ƙarshen ƙarni na 19, duk da babu wani aikatau mai amon sneak da ke yin haka. Masu gyaran nahawu sun daɗe suna tsangwamar snuck, amma yanzu manyan ƙamusoshin Amurka sun shigar da shi kafaɗa da kafaɗa da sneaked.